Sumar Nomau Wanzami

Nomau Wanzami maƙwabcina ne a Tudun Wada, katanga ɗaya ta raba mu. Tun da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, matar Nomau, Ladidi, ita ke leƙo ni, ni ma in leƙa ta. Don haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin rijiya na tsince shi ba. Wani na gani da idona, wani na ji ta kan katanga, saura kuma Ladidi ta gaya mini tana tankaɗe.

Gajeren mutum ne, marar yawan magana, yatsunsa sirara kamar na mace. Asalinsu Wonaka. Ubansa ya shigo Gusau da zabirarsa tun kafin jirgin ƙasa ya iso, ya kama gidaje, da ya rasu Nomau ya gaje su. A wurinmu ba a zaɓen wanzami. Wanda ya cire wa ubanka beli, ya yi masa kaciya, ɗansa ne zai aske kan ɗanka ranar suna, ko kuna shiri ko ba ku yi. Bayan gidajen gado kuma yana da wurin zama a gindin wata ceɗiya a gefen kasuwa, ranar kasuwar Tsafe da ta Bungudu kuwa ya hau mota ya je ya yi ƙaho ya dawo. Kansa kullum fes yake, yana sheƙi. Kowace Juma'a sai wani abokin sana'arsa ya aske shi kafin masallaci.

Siyasa ba ta dame shi ba. Da aka fara yanka katin jam'iyya, masu mulki suka zo, 'yan adawa suka zo, kowa ya ba shi amsa ɗaya, wai shi duk kan da aka miƙo masa gashi iri ɗaya yake gani. Amma gindin ceɗiya wurin jira ne, mai jira kuwa ba ya rufe baki. Akwai wani tela ɗan adawa da ya kan zo da jarida ya karanta wa masu jiran aski. Wata safiya a 1957 yana cikin karantawa dogarai suka zagaye wurin. Telan ya tsallake kwata ya tsere, masu jira suka watse, aka bar Nomau tsaye da aska a hannu, da wani mai rabin kai a gabansa.

Alƙali ya ce taron siyasa ne ba tare da izini ba, kuma mai wuri shi ne mai taro. Aka yanke masa ɗauri. Ba ɗaurin ne ya fi ci masa rai ba, shelar da aka yi ce. Labbo Sanƙira, mai shelar hakimi, mutum ne da in ya buɗe murya a tsakiyar kasuwa ana jin sa har tashar jirgi. Shi aka sa ya zagaya yana faɗin cewa Nomau Wanzami ya mai da wurin askinsa matattarar masu raina manya, an kama shi, an hukunta shi, kowa ya ji ya kiyaye. Da yake an san yana zuwa Tsafe da Bungudu, aka ɗora Labbo a mota ya je can ma ya faɗa. Ina cikin sayen kuka da daddawa na ji ta Gusau da kunnena. Matar da ke auna mini ta dube ni, don ta san maƙwabcina ne, ta ƙara mini kuka kaɗan.

Ranar da ya shiga gidan yari aka sa wani fursuna ya aske shi da guntuwar reza, a bushe, ba ko ɗigon ruwa. Ladidi ta ce da ta kai masa tuwo ta ga kan duk yanka. Ta fashe da kuka, shi kuwa abin da ya ce kawai, “Ki duba aikin banza. Ko tunkiya ba a yi wa haka.” Tun daga ranar bai ƙara yarda ƙarfe ya taɓa kansa ba. In an zo askin fursunoni sai ya karɓi rezar ya aske kowa da kyau, har gandirobobi suka riƙa miƙo nasu kan, shi kuma aka ƙyale shi da nasa.

Can sai ga wani lauya da jam'iyyar adawa ta ɗauko, yana tattara shari'un mutanensu da aka ɗaure nan da can, zai ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu. Aka haɗa da Nomau, ko da yake ba shi da katinsu. Da maganar ta fito gari sai aka rabu. Motar jam'iyya mai mulki, mai lasifika a kanta, ta yi ta yawo tana cewa wasu sun ƙi hukuncin Musulunci sun kai kukansu wurin Nasara. Mata suka daina aiko wa Ladidi ɗauki. Ita kanta hankalinta ya tashi, ta haura katanga ta tambaye ni ko mijinta ya yi saɓo. Ni ma ban sani ba, kuma abin ya tsaya mini a rai, domin ba na son in goyi bayan abin da Allah ba ya so don kawai maƙwabtaka. Na je wurin tsohon malamin da ya koya mana Ƙur'ani, na durƙusa daga bakin zaure na tambaye shi. Ya daɗe yana jan tasbaha, sannan ya ce, “Ni dai na yi karatu gwargwado, ban ci karo da babin izinin taro ba. Wannan dokar hukuma ce, ba ta littafi ba. Wanda ya yi ta, shi ya yi kotun da ke duba ta.” Har na miƙe ya ƙara da cewa, “Ba sai kin ce ni na faɗa ba.” Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, shi ya sa na faɗa.

Yadda aka yi a gaban joji, Nomau da kansa ya ba mu labari. An kai su a jirgi. Ya ce abin da ya fara lura da shi gashin aro ne fari a kan jojin, an nannaɗe shi, kuma ga alama an daɗe ba a taje ba. Aka kira dogarin da ya kama shi, joji na tambaya tafinta na juyawa.

“Wa ya kira taron?”

“Ba wanda ya kira, ranka ya daɗe. Kullum haka suke taruwa.”

“Me wanda ake ƙara yake yi da kuka iso?”

“Aski.”

“Ka ji ya yi magana?”

“Na ji.”

“Me ya ce?”

Dogarin ya ce, “Cewa ya yi da mutumin ya sunkuya.”

Joji ya ce ba taro, ba laifi, an soke hukuncin daga tushe, kamar ba a taɓa yi ba. Sai dai lokacin Nomau ya riga ya ci mafi yawan ɗaurin, damina ta shiga ta fita.

Kafin ya sauka daga jirgi wata magana ta riga shi isowa. Aka baza a gari cewa hakimi ne ya tausaya wa iyalinsa ya nema masa afuwa. Ba wanda ya ambaci kotu. Mutanen da suka zo yi masa barka, kaɗan ne dama, kowa sai ya ce, “Allah ya saka wa manya, Allah ya kiyaye gaba.” Nomau na zaune a kan buzu yana kallonsu.

Al'ada ce in mutum ya fito daga gidan yari a aske shi, ya yi wanka, a ba da tufafin da ya fito da su sadaka, don ya bar abin a baya. Ladidi ta dafa ruwa, abokin sana'arsa ya zo da aska. Wanka ya yi, tufafi ya bayar. Da aka zo kan aski ya dafe kansa ya ce a bari tukuna.

Washegari Salisu, manzon hakimi, ya yi sallama. Ina shanya tsaba a gindin katanga, na ji su sarai.

“Malam Nomau, barka da arziki. An ce in gaya maka, gobe da hantsi ka zo fada ka faɗi ka yi godiya. In ka yi, ka koma gindin ceɗiyarka, magana ta ƙare.”

“Godiyar mi?”

“Haba Malam, ta afuwa mana.”

“Wanda ya yi laifi a ka yi wa afuwa, Salisu. Ni an ce ban yi ba.”

“Wa ya ce?”

“Joji.”

“To joji ne zai ba ka inuwa a kasuwar Gusau? Shi yana can, mu muna nan. Durƙuso ɗaya ne fa. Ni kullum nawa nake yi, ga ni ban mutu ba.”

“Kai aikinka ne. In don gaisuwa ce, na gai da hakimi tun ina saye da bante, kuma gobe ma in na gamu da shi sai in tuɓe takalmi. Amma in na faɗi na ce na gode da afuwa, na amsa da bakina ke nan cewa na yi abin. Ba ni zuwa. A kasuwa uku anka ce ni mai laifi ne. A koma kasuwa uku a ce kotu ta wanke ni. Ran nan ne aska za ta hau kan nan.”

Salisu ya yi dariya ya ce, “Ashe za ka yi kitso.” Ya tafi. Kafin mako ya zagayo an ba wani mai goro gindin ceɗiyar.

'Yan adawa ma ba su bar shi ba. Telan nan da ya tsallake kwata ya dawo da bajo a ƙirji, ya ce za su yi lacca, suna so su ɗora Nomau a kan mota a nuna wa jama'a sumarsa, a ga zaluncin masu mulki. Nomau ya ce, “Ranar da anka kama ni ba ka tsaya ka ga kan ba, yanzu kake son nuna shi? Lauyanku na gode masa, ya yi aiki. Amma kaina ba tuta ba ne.” Daga nan su ma suka ɗauke masa ƙafa, har suna cewa an saye shi.

Haka ya zauna tsakani, ba na nan ba na can. Sumar ta yi ta tofowa, ga furfura a ciki, hula ta daina zama. Wanzami da suma, ai abin kallo ne. In ya ratsa rumfar mahauta sai su ce, “Nomau, askar ce ta ɓata, ko mu ara maka wuƙa?” Ya ce, “Ku riƙe abinku, akwai ranarta.” A Tsafe mutumin da Nomau ya saba zama a rumfarsa ya ce masa ya yi haƙuri, an ja masa kunne. A Bungudu ya yini da ƙahoninsa a shimfiɗe, ba wanda ya tuɓe riga. Wasu tsoron hukuma suke, wasu da gaske sun ɗauka ya yi wa addini tawaye, wasu kuma cewa suke ai wanda aka yi wa afuwa ya ƙi godiya butulu ne. Gidajen gado ma suka fara zamewa a hankali, in an haihu sai a kira wani a ɓoye.

Ladidi ta sayar da akuyarta, ta koma yin ƙuli-ƙuli. Ba zan ce ba ta yi ƙorafi ba. Na ji ranar da ta ce masa, “Malam, suma ba ta cika tukunya. Ka je ka faɗi da jiki, zuciyarka tana tsaye, Allah ya san gaskiya.” Ya ce, “Allah ya sani, Ladidi. Mutanen Bungudu ne ba su sani ba. In na mutu yau, ɗiyana ɗiyan mai laifin da anka yafe wa ne.” Ba ta sake tayar da maganar ba. Abin da ta riƙa yi, kowace Juma'a ta wanke masa sumar da sabulun salo ta taje, ta ce in dai za a ɗauka to a ɗauka da tsabta.

Cikin gidajen gadonsa akwai na Alhaji Bashiru, mai sayen gyaɗa da auduga, jigo a jam'iyya mai mulki, wanda ma ake cewa motar lasifikar nan shi ke zuba mata mai. Uwarsa, Inna Wasila, tsohuwa ce da ba ta fita ko'ina, amma ba a yanka kaza a gidan sai ta sani. Matar Alhaji ta haifi ɗa namiji bayan an daɗe ana jira. Ni na kan taimaka da dafa ruwan jego a unguwa, don haka ina gidan tun ranar haihuwa.

Alhaji ya aika Bungudu aka ɗauko wani wanzami. Ranar suna da sassafe ƙofar gida ta cika, liman na nan, wakilin hakimi na nan, 'yan kasuwa da manyan jam'iyya, an baza tabarmi har bakin hanya. Labbo Sanƙira na tsaye kusa da Alhaji. Aikinsa a irin wannan taro sananne ne: babban mutum ba ya ɗaga murya, sai ya faɗi magana ƙasa-ƙasa, sanƙira ya cafe ya kwarara wa jama'a. Aka raba goro, liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, Labbo ya kwarara, “Sunan yaro Haruna, Allah ya raya.” Aka shafa. Sai aka aiko ciki a fito da jariri a yi aski.

Inna Wasila na rungume da shi a cinya. Ta tambayi wane wanzami ne, aka gaya mata. Ta ce, “Ban san shi ba. Ina ɗan Wonaka?” Aka yi ta lallashi, ta ƙi sakin yaro. Ta ce uban Nomau ne ya yi wa Bashiru komai, ita ba za ta canza hannu a kan jikanta ba tana raye. Ni ta juya ta ce wa, “Ke maƙwabciyarsa ce, je ki kira shi.” Na yafa mayafi na fita ta ƙofar baya.

Na same shi yana wasa aska, ko da yake ba wanda ya kira shi. Ya saurara, ya rataya zabira, ya biyo ni. Ni na koma ta baya, shi ya bi ta gaba, ya ratsa taron nan da sumarsa a buɗe, ya yi sallama, ya tsuguna a gefen zaure. Surutu ya ɗauke.

Inna Wasila ta taso da kanta har bayan ƙyauren zaure, ina riƙe da gwiwar hannunta. Ba a ganinta, amma ana jin ta.

“Bashiru.”

“Na'am, Inna.”

“Ga wanzamin gidanmu ya zo. Amma na ji ana cewa mai laifi ne anka yafe wa. In haka ne, gaya mini, don hannun mai laifi ba ya hawa kan jikana, baƙon hannu ma ba ya hawa. Sai yaron ya zauna da gashinsa, su zama su biyu a gari.”

Wani ya yi tari don ya danne dariya.

“Inna, ba nan ne wurin wannan magana ba.”

“Kai ka san takardu, ka san manya. Ya yi ko bai yi ba?”

Alhaji ya dubi wakilin hakimi, ya dubi liman, ya dubi ƙasa. Mutum ne mai son girma, amma ban taɓa jin ya yi wa uwarsa ƙarya ba, ga kuma liman a zaune. Ya karkata wajen ƙyauren ya ce a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji, “Ba afuwa ba ce, Inna. Babbar Kotu ce ta ce bai yi laifi ba.”

Labbo na tsaye a kafaɗarsa. Tun yana saurayi abin da yake yi ke nan, babba ya yi ƙasa da murya shi ya ɗaga. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

“Jama'a, Alhaji ya ce ba afuwa ba ce! Babbar Kotu ce ta ce Nomau bai yi laifi ba!”

Har masu tallan koko a bakin hanya sun ji. Na leƙa ta tsagar ƙyaure na ga Labbo ya dafe bakinsa da hannu. Wakilin hakimi ya miƙe ya kakkaɓe riga ya tafi ba sallama. Liman kuwa ya ce, “To, alhamdu lillahi. A kawo yaro.” Nomau ya wanke hannu, ya jiƙa kan Haruna da ruwan ɗumi, ya aske shi tas, yaron ko motsi bai yi ba. Wanzamin Bungudu ne ya riƙe masa ƙwarya.

Da ya gama, Inna Wasila ta ce daga ciki, “To saura naka.” Ya ce, “Inna, na gode. Amma nan ƙofar gida ce. A kasuwa anka faɗa.”

Kafin azahar an karɓe shela daga hannun Labbo, aka ba wani. Labbo ya zo zauren Nomau da la'asar, ya zauna ya yi tagumi, ya ce, “Ka ga abin da sumarka ta jawo mini.” Nomau ya ce, “Bakinka dai.” Can Labbo ya ce shi yanzu ba mai shelar kowa ba ne, murya kuwa tasa ce, ba a fada aka ba shi ba. Ya ce abu ɗaya ne, kada a sake kama su a ce taro ne. Nomau ya ce ai ba tsayawa za su yi ba, tafiya za su yi.

Haka suka yi. Ranar kasuwar Gusau Labbo na gaba Nomau na biye, daga 'yan hatsi zuwa 'yan gishiri zuwa rumfar mahauta, ba su tsaya ko'ina ba balle mutane su taru. Maganar ba ta da tsawo, ba zagi a ciki, ba sunan kowa sai na Nomau: ni Labbo da na ce muku ya yi laifi, ni ne na dawo in ce muku Babbar Kotu ta duba ta ce bai yi ba. Dogarai na kallo. Ina jin an gaya musu kada su sake jawo abin da zai kai su gaban joji. Suka hau mota suka yi Tsafe ranar kasuwarta, suka yi Bungudu ranar tata.

A Bungudu aka yi askin, a tsakiyar kasuwa, wanzamin nan da ya riƙe ƙwarya shi ya yi. Ladidi ta ce Nomau ya yi ta gyara masa riƙon aska har mutumin ya ce, “Malam, ko dai ka karɓa ka yi da kanka?” Nomau ya tattara gashin a tsumma ya kawo gida, ya haƙa rami a gindin katangarmu ya binne.

Hukuma ba ta taɓa yin tata shelar ba, shi ma bai taɓa zuwa godiya ba. Gindin ceɗiya har yau mai goro ne a wurin. Cikin gidajen gado wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba, kuma akwai masu tsallake hanya in sun hango shi. Yanzu gida-gida yake bi da zabirarsa, ranar Tsafe da Bungudu ya hau mota. Labbo kuma ya koma yi wa masu maganin gargajiya talla a tasha, ya kan biyo ranar Juma'a a aske shi. Salisu ma gidan Nomau yake zuwa aski, ta ƙofar baya. Jiya na ji Nomau yana ce masa ya sunkuya.